Tsakanin Kabari da Kason Magaji: Tarihin Rabon Gado a Ƙasar Jega

Gabatarwa

Ranar da aka yi sadakar arba'in ta mahaifina a Birnin Malam, cikin daminar 2022, bayan baƙi sun watse, Baffana ya sa aka fito da akwatin ƙarfen marigayin zuwa tsakar gida. Da aka buɗe shi sai ga katin banki, da takardun kamfanin fansho na aikin da ya yi a wata hukumar tarayya, da tsofaffin rasit na harajin kakana, da wata takarda ta ajami da ta yi jawur, inda kakan ya rubuta sunayen masu binsa bashi. Ana cikin lissafa awaki da babur da buhunan gero, sai Goggo, yayar mahaifina, ta ɗago kai ta ce, "To, gonar Baba fa?" Tsakar gidan ta yi tsit. Kakana ya rasu a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, kuma har zuwa wannan rana ba a taɓa raba gonarsa ta fadama ba.

Da yake ni ne na gama digirin farko a fannin tarihi, sai dattawan gida suka ɗora mini zirga-zirgar takardu. Wata goma sha uku na yi ina kai da komowa tsakanin zauren malami, da kotun shari'a, da banki, da ofishin lauya a Birnin Kebbi. A cikin wannan tafiya na lura cewa kowace ƙofa da na ƙwanƙwasa akwai zamanin da ya gina ta. Kason da kowane magaji zai samu sananne ne tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. Abin da ya yi ta sauyawa a ƙasar Gwandu cikin shekara ɗari biyu shi ne wanda ke riƙe da dukiyar daga ranar mutuwa zuwa ranar rabo, kuma a wannan tsakani ne haƙƙin mace da na maraya yakan salwanta. Wannan shi ne abin da maƙalar nan za ta bi diddiginsa, domin Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Lissafin da Bai Sauya Ba

Ƙofar farko ita ce ta malami. Ilimin fara'ili, wato ilimin rabon gado, tushensa ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i, sai hadisai da bayanin malaman mazhabar Malikiyya. A zaurukan karatu na ƙasarmu ɗalibi yakan haɗu da babin gado a ƙarshen Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, sannan ya zurfafa a Muhtasar na Halilu. Tsarin a jere yake. Da farko a cire kuɗin likkafani da jana'iza. Sai a biya bashi. Sai a zartar da wasiyya, matuƙar ba ta wuce sulusin abin da ya rage ba, kuma ba magaji aka yi wa ita ba. Abin da ya saura shi ne gado.

Mahaifina ya bar mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, da mata biyu, da 'ya'ya maza uku da mata huɗu. Malamin da muka je wurinsa bai ɗauki rabin awa ba ya gama. Ya kafa asalin rabo a kan 24: uwa tana da sudusi, wato 4, matan aure suna da tumuni, wato 3, sauran 17 na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki ninkin kason mace. Da yake 3 ba ta rabuwa daidai tsakanin mata biyu, 17 kuma ba ta rabuwa gida goma, sai ya ninka asalin sau goma ya zama 240. Inna ta tashi da 40, kowace matar aure 15, kowane ɗa namiji 34, kowace ɗiya 17. Baffa da Goggo ba su da komai a dukiyar ɗan'uwansu, saboda samuwar ɗa namiji ta katange su.

Da muka ambaci gonar kakana sai malamin ya ajiye alƙalami ya ce, "Ai wannan ita za a fara rabawa." Ya bayyana mana cewa idan magaji ya mutu kafin a ba shi kasonsa, malamai suna kiran mas'alar munasaha, wato mutuwa a kan mutuwa. Kakana ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. A kan asalin 40, Inna tana da 5, mahaifina 14, Baffa 14, Goggo 7. Kashi 14 na mahaifina kaɗai ne za mu gada. Bakwai ɗin Goggo kuwa shekara 31 ke nan tana hannun ƙannenta, abin da take gani shi ne 'yan buhunan albasa da ake aika mata bayan girbi da sunan alheri.

Hannun Sarki da Hannun Babban Ɗa

Wannan matsala ta girmi gidanmu nesa ba kusa ba. A ƙarshen ƙarni na 15, cikin tambayoyin da Askiya Muhammadu na Songhai ya yi wa Shaihu Almagili, akwai batun mutanen da ba sa rabon gado bisa tsarin Alƙur'ani, inda dukiya ke tafiya ga ɗan 'yar'uwa, ko kuma babba ya riƙe ta duka. Bayan shekara ɗari uku Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tarar da irin wannan a ƙasar Hausa. A littafinsa Kitabul Farƙ, inda ya jera halayen mulkin da yake suka, ya ambaci yadda sarakuna ke ƙwace dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu. A wa'azinsa ga jama'a kuma ya yi ta jan kunne game da danne haƙƙin mata da raunana. Ke nan tun kafin jihadi hannaye biyu ne ke kai wa dukiyar mamaci cafka: hannun mai mulki daga waje, da hannun babban namiji daga cikin gida.

Yankinmu yana tsakiyar wannan tarihi. A Gimbana, wadda ba ta da nisa da Jega, Malam Abdussalami almajirin Shehu ya zauna da jama'arsa, kuma harin da Gobirawa suka kai musu yana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Bayan an ci nasara, yammacin daular ya koma hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da Gwandu a matsayin cibiya. Malam Abdullahi masanin shari'a ne na gaske. Ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano domin jagorantar masu mulki da alƙalai, ya kuma rubuta Ta'alimur Radi a kan hanyoyin mallakar ƙasa. Daga wannan zamani rabon gado ya zama aikin alƙali da muhutinsa, bisa littafi, da shaidu.

Garin Jega kuwa Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa shi wajajen 1820, ya kuma bunƙasa ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular, zangon fataken goro masu zuwa Gwanja. Kasuwa irin wannan takan kawo wa alƙali shari'o'in da ƙauye bai sani ba. Falke yakan rasu a masauki, jakunansa da hajarsa suna Jega, magadansa suna Kano ko Katsina, abokan cinikinsa kuma suna binsa wuri dubbai. Dole a sami amintaccen da zai riƙe kayan, a tantance bashi, a jira magada. Wanda ya mutu bai bar magaji ba, dukiyarsa ta baitulmali ce, domin a asalin Malikiyya baitulmali ma magaji ne. Kotu kuma tana ɗaukar ushira, kashi ɗaya cikin goma na dukiyar da ta raba.

Bai kamata mai tarihi ya rufe ido ga abu biyu ba. Na ɗaya, cikin dukiyar da ake rabawa a wancan ƙarni har da bayi, ana ƙimanta mutum kamar yadda ake ƙimanta doki. Na biyu, hukuncin alƙali ya fi ƙarfi a kan dukiya mai motsi, kamar dabbobi da tufafi da wuri. Gona ta ci gaba da zama ƙarƙashin tsarin gandu, inda uba da 'ya'yansa maza ke noma tare, in ya mutu babban ɗa ya gaje shi a shugabanci. Ɗiya kuwa ana ganin ta tafi gidan miji, can za a ciyar da ita. Wannan tunani ne ya rayu har ya iso gonar kakana.

Zamanin Turawa: Rajista, Ushira da Ƙasa

A 1903 Turawan Ingila suka karɓe Gwandu da Sakkwato, ba da jimawa ba kuma hedikwatar masarautar ta koma Birnin Kebbi. Gwamna Lugga bai rushe kotunan alƙalai ba. Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 sun bar su a wurinsu, sai dai sun sa su ƙarƙashin idon Razdan da Di'o, waɗanda ke da ikon duba hukunci. Aka wajabta rubuta shari'o'i a littafin rajista. Da aka kafa baitulmalin En'e wajajen 1911, ushira da sauran kuɗin kotu suka koma can, aka yanka wa alƙali albashi. Dokar 1901 ta 'yanta duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara, sannan a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya, ta haka mutum ya fita daga jerin kayan gado.

Rajista ta amfani magaji, domin abin da aka rubuta ba ya musuwa cikin sauƙi. Ushira kuwa ta koya wa talaka ɓoyo. Magidancin da ya san kotu za ta ɗauki akuya ɗaya cikin goma ya fi son a kashe magana a zaure, a gaban limami da mai unguwa, kada labari ya kai ga hakimi ko uban ƙasa. A irin wannan rabo na cikin gida, mai ƙarfin murya ne yakan yi rinjaye, matar da ke takaba a ɗaki kuwa sai abin da aka kawo mata.

Batun ƙasa ma ya ƙara rikicewa. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa dukan filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, ya zamana abin da manomi ke da shi haƙƙin amfani ne. Wannan ya ba wa masu cewa gona ba ta cikin abin da ake rabawa wata sabuwar hujja. A Kano, cikin shekarun 1920, an hana mata gadon gida da gona da umarnin fada, sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya maido musu da haƙƙinsu. Wannan misali ya nuna cewa ko a inda littafin Risala ke hannun kowane alƙali, kason mace a gona yakan dogara ga wanda ke kan karaga. Dokar 1962 ta Jihar Arewa da dokar amfani da ƙasa ta 1978 sun bi sawun ta 1910, har yau kuma a takarda ƙasa amana ce a hannun gwamnan jiha, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar riƙonsu.

A gefe guda Turawa sun shigo da nasu tsarin gado, wanda aka gina a kan wasiyyar da aka rubuta da kuma takardar izinin kula da dukiyar mamaci da babbar kotu ke bayarwa. A wancan lokaci wannan tsari bai shafi manomin Aliero ko na Maiyama ba, na ma'aikatan gwamnati ne da baƙin Sabon Gari. Sai da albashi da banki da fansho suka shiga kowane gida sannan ya zo ya same mu.

Yadda Lauya Ya Shigo

Kakana ya rayu har ya manyanta bai taɓa ganin lauya a gaban alƙali ba, domin dokar En'e ta hana lauyoyi tsayawa a kotunan gargajiya. Mutum shi ke faɗar ƙararsa da bakinsa, ko ya naɗa wakili daga danginsa. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa. A 1968 gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e, ta soke kotunan sarakuna, ta mayar da na alƙalai kotunan yanki ƙarƙashin gwamnatin jiha, amma hanin ya ci gaba. Sai bayan tsarin mulkin 1979, cikin shekarun 1980, manyan kotuna suka yanke cewa wannan hani ya saɓa wa haƙƙin ɗan ƙasa, ƙofa ta buɗe wa lauya.

Karon da tsarin biyu suka yi ya fito fili a wata shahararriyar shari'a da ta taso daga Zariya, wadda ake kira Yinusa da Adesubokan. Wani Musulmi Bayarabe ya rubuta wasiyya bisa dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, ya fifita wasu 'ya'yansa a kan wani. Mai Shari'a Muhammad Bello, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, ya yanke a babbar kotu cewa wasiyyar Musulmi ba za ta ƙetare iyakar shari'ar Musulunci ba. A 1971 Kotun Ƙoli ta rushe wannan hukunci, ta ce dokar 1837 ta ba mutum damar yin yadda ya so da dukiyarsa. Tun daga nan masu ilimin shari'a a Arewa suka gane cewa irin takardar da mutum ya bari tana iya sauya kotun da za ta saurari gadonsa.

A yau sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sa gado da wasiyya da kyauta da waƙafi na Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. A 2000 Jihar Kebbi ta shiga sahun jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'a, kotunan yanki suka koma kotunan shari'a. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta ƙara wata ƙofa: kuɗin ma'aikaci yana hannun kamfani, tare da inshorar rai da ta kai ninki uku na albashinsa na shekara, kuma ba a sakin kuɗin fanshon mamaci sai da takarda daga kotu. Babu zamanin da ya rushe ƙofar da ya tarar, kowanne tasa ya ƙara.

Tafiyata Birnin Kebbi

Na fara zuwa banki da katin marigayin da takardar malami a hannu. Ma'aikacin ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce an rufe asusun, kuma ba zai buɗu ba sai da takardar kotu. Na ce masa ai sunana mahaifina ya rubuta a gurbin makusanci lokacin da ya buɗe asusun. Ya ce wannan gurbi yana nuna wanda za a tuntuɓa ne kawai, ba ya mayar da mutum magaji ko mai izini. Wannan kuskure ne da ya yaɗu cikin 'yan boko, kuma na san gidajen da ya haddasa wa gaba.

Neman lauya shi ma sai da lura. A bakin kotu akwai masu tare mutum da alkawarin gama masa komai cikin mako guda, har ɗaya daga cikinsu ya karɓi kuɗin mota a hannuna, ban sake ganinsa ba. Wani tsohon malaminmu na sakandare ne ya ba ni shawarar in tambaya a reshen ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa da ke Birnin Kebbi, in kuma duba cewa duk takardar da lauya ya sa wa hannu tana ɗauke da hatimin ƙungiyar. Ya ƙara da cewa wanda ba shi da hali yana iya zuwa hukumar ba da agajin shari'a, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976.

Lauyan da na samu dattijo ne mai sanyin magana. Da na zayyana masa komai sai ya ce, "Ƙanena, rabo ba aikina ba ne, na malam ne da alƙali. Aikina in fito muku da abin da ke kulle, in kuma rubuta abin da kuka amince da shi yadda jikokinku ba za su yi musu ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, nawa za mu biya?" Ya rubuta mini ladansa daban, kuɗin kotu daban, ya ce kada in yarda da duk wanda ya ƙi rubuta mini nasa.

Ya ce kafin mu kashe ko sisi, in je wurin kowane mai riƙe da kuɗin in nemi ya rubuta mini irin takardar da yake buƙata. Kamfanin fansho ya amince da umarnin babbar kotun shari'a mai ɗauke da hatimi. Bankin kuwa ya tsaya a kan takardar izinin kula da dukiya daga ofishin rajistar gado na babbar kotun jiha. Matakan wannan ta biyu su ne: a karɓo takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, iyali su zaɓi waɗanda za su wakilce su, mu mun zaɓi biyu, ɗaya daga kowane ɗaki, a cike fom a jera dukiyar, banki ya tabbatar wa kotu adadin da ke cikin asusun, a kawo masu tsaya wa wakilan, a buga sanarwa domin duk mai ƙorafi ya fito, a biya kuɗin kotu gwargwadon ƙimar dukiyar, sannan a ba da takardar. Da na ji batun kuɗin da ake yankewa bisa ƙimar dukiya, sai ushirar zamanin En'e ta faɗo mini a rai.

Abin da ya fi ci mana lokaci ƙaramin abu ne. A takardun aiki mahaifina ya yi amfani da sunan garinmu a matsayin sunansa na biyu, kamar yadda 'yan makarantar zamaninsu suka saba, a banki kuma ya sa sunan mahaifinsa. Sai da muka yi takardar rantsuwa aka buga a jarida kafin a yarda cewa mutum ɗaya ne. Kuɗin bai fito ba sai a watan Satumba na 2023. A tsakanin nan an cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, farashinsa ya ninka fiye da sau biyu, darajar naira ta faɗi. Adadin da ke cikin asusun bai ragu ba, amma kason ƙaramar ƙanwata, wanda da zai saya mata keken ɗinki da saura, da ƙyar ya kai kuɗin keken.

Komawa Gonar Fadama

Maganar gona ta fi ta banki nauyi, domin zumunci ne a ciki. Baffa ba azzalumi ba ne. Shi ya haƙa rijiyoyin ban ruwa, shi ya sayi injin, shi ya riƙe gonar shekarun da mahaifina ke wurin aiki. Da aka zauna sai ya ce, "Yaya, tun da muka tashi ba mu taɓa jin an raba gonar gandu ba. In aka yayyanka ta, wa za ta ciyar?" Goggo ta ce, "Ni ban ce a yayyanka ba. Ina so in san nawa ne nawa kafin in bi Baba, saboda 'ya'yana." Tsoron Baffa yana da tushe, domin da muka lissafa, kason kowace ƙanwata bai kai kashi 3 cikin 100 na gonar ba.

Muka kai maganar kotun shari'a, ba a matsayin ƙara ba, sai don neman tabbaci. Alƙali ya saurari kowa, har ya tura wakilinsa gida ya ji ta bakin Inna da matan marigayin, maimakon a ce wani namiji ya yi magana a madadinsu. Aka fita gona da mai unguwa da maƙwabtan iyaka, aka ja igiya, aka ƙimanta ƙasar daban, rijiyoyi da injin Baffa daban. Goggo ta karɓi bakwai ɗinta ƙasa, a gefen da ke kusa da ruwa, ta kuma furta a gaban alƙali cewa ta yafe amfanin shekara 31. Inna ta bar nata a hannun Baffa da sharaɗin kaso daga kowane girbi. Mu 'ya'yan marigayi da iyayenmu mata muka amince mu bar namu a haɗe, a riƙa raba amfaninsa bisa lissafin 240. Lauya ya rubuta yarjejeniyar, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, kotu ta buga hatimi.

Inna ta haura shekara tamanin. Da mun ƙara jinkiri har ta riga mu gidan gaskiya, da mutuwa ta uku ta hau kan biyun farko, kasonta ya sake rabuwa, lissafin ya ƙara tsawo, shaidun da suka san iyakar gonar kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Kammalawa

Daga zamanin da Shehu ya soki sarakuna masu cinye dukiyar mamaci, zuwa alƙalan Gwandu, zuwa rajistar En'e, zuwa banki da kamfanin fansho, kowane tsari an kafa shi ne da niyyar tsare dukiyar har ta isa hannun mai ita. Amma kowanne ya ƙara tsawon lokacin da dukiyar ke zaune ba a raba ba, kuma mai ƙarfi ne ke iya jure jira. Matar da ke takaba wata huɗu da kwana goma ba za ta iya zirga-zirgar Birnin Kebbi ba, maraya ba ya sa hannu a fom, ɗiyar da ke aure a wani gari tana jin nauyin tambaya.

Abin da na koya yana da sauƙin faɗa. Magidanci ya rubuta bashinsa da abin da ya mallaka tun yana raye, kamar yadda kakana ya yi da ajami, ya kuma daidaita sunansa a dukan takardunsa. Wanda yake da jikan da mahaifinsa ya riga shi rasuwa ya yi masa wasiyya cikin sulusi, tun da jika ba ya gado matuƙar akwai ɗa namiji. Iyali su fara maganar rabo da wuri, su san cewa lissafi na malami ne, hukunci na alƙali, fito da abin da ke kulle kuma na lauya. Hukumomin shari'a na jiharmu kuwa za su taimaki mutanen Jega da Aliero da Maiyama ƙwarai idan suka cimma matsaya da bankuna a kan takarda guda da kowa zai karɓa, domin kada magajin ƙaramar dukiya ya bi kotu biyu.

A kakar albasar da ta wuce Goggo ta aiko wa gidanmu da buhu ɗaya daga gefenta na gonar, tare da saƙon cewa a gaishe da Baffa, a ce masa ruwan rijiyarsa yana isowa har wurinta. Takardar yarjejeniyar tana cikin akwatin ƙarfen mahaifina, a kan ta ajamin kakana, kuma kowace ƙanwata tana riƙe da kwafinta.